Honda CG, Vespa ko mobilet: wanne tsohon babur ya cancanci kuɗin gyaranka a Maraɗi?

A gidaje da dama na tsofaffin unguwannin Maraɗi, irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci, akwai babur da aka jingine a kusurwar zaure ko bayan garkar awaki shekara da shekaru. Taya ta sace, ƙura ta rufe tanki, kaji sun mai da sirdin wurin kwana. In ka share ƙurar, galibi ɗaya za ka tarar cikin uku: Honda CG125, Vespa, ko mobilet. Wanda ya gaji ɗaya daga ciki, ko aka yi masa tayinsa da araha, kafin ya sa hannu a aljihu ya kamata ya san cewa kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Abin da zai yanke hukunci biyu ne: ina za a samo kayan gyara, kuma wace irin ƙasa babur ɗin zai taka kullum.

Yawancin waɗannan babura ba mutuwa suka yi ba, ajiye su aka yi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk wani ƙarfe da ke zuwa daga Faransa ko Japan ya ninka kuɗi dare ɗaya. Bayan ƴan shekaru baburan China, su Kasea da Jincheng, suka shigo da farashin da ya sa mutum ya ga gara ya sayi sabo da ya sauke injin tsoho. Shi ya sa za ka samu babur da aka jingine saboda kwayil ɗaya ko kuloci, sauran jikinsa garau. Sai dai zaman kansa yana da tasa ɓarnar. Duk abin da aka yi da roba ya bushe, man da ya rage a tanki ya daskare ya zama ƙaro, tsatsa ta kama cikin silinda.

Honda CG125 shi ne mafi sauƙin tayarwa, kuma da gangan aka yi shi haka. Kafin a fito da shi a 1975, injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka ga yadda ake lodin mutum uku ko huɗu a babur ɗaya, ba a juye baƙin mai sai ya koma kamar kwalta. Injinan da suke sayarwa a lokacin suna da sandar buɗe bawul a can saman kai, inda ƙazamin mai ke saurin cinye ta. Sai suka sauko da ita ƙasa kusa da ma'ajiyar mai, suka sa ƴan sanduna biyu suna tura bawul daga nan. Injin ya ɗan ƙara ƙara, gudunsa bai kai na ƴan uwansa ba, amma yana jure sakaci. Ƙarfinsa wajen doki 11 ne, cikin silinda cc 124, ba a gauraya masa mai da fetur. An yi shi a Japan, an yi shi a Brazil tun 1976, har yau ana yin sa a Pakistan.

Babbar sa'ar mai CG ita ce Sinawa wannan injin suka kwaikwaya. Mafi yawan baburan China masu cc 125 da 150 da ke aikin kabu-kabu a gari, tsarin CG ne a cikinsu. Saboda haka fistin, ringi, bawul, faifan kuloci, gasket, kafireta, wayoyin birki da na totur, kusan duk za ka same su a shagunan kayan babur na cikin gari ba tare da ka je ko Ɗan Isa da ke bakin iyakar Najeriya ba. Duk yaron da ya yi shekara biyu a garejin babura ya san cikin wannan inji.

Amma a nan tarkon yake. Da yake komai yana shiga, mutum yakan wayi gari ya ga ba abin da ya rage na Honda a babur ɗinsa sai tambarin tanki. Makanike ya ce kafiretar ta gaji, ya cire ta asali ƙirar Keihin ya jefa cikin kwandon tarkace, ya ɗaura sabuwa mai ƙyalli wadda ba za ta yi rabin shekarun waccan ba, alhali wanki da sabuwar allura kawai tsohuwar take so. Haka silinda. Ta CG ta asali tana da riga ta baƙin ƙarfe a ciki, ana iya gurje ta a sa fistin mai ɗan girma, mataki bayan mataki, har sau uku ko huɗu. Wannan ya fi a sayo sabuwar silinda ta kwaikwayo, in dai an samu mai injin gurza da ya san awo. Ni a ganina doka ɗaya ce: abin da ke cinyewa da aiki, irin su ringi, gasket, sarƙa da takalmin birki, a sa na kasuwa mai kyau. Abin da ke ɗaukar shekaru, wato kafireta, karanshaf, kan silinda da akwatin giya, a gyara na asali. Kuma duk abin da aka cire, ka karɓi abinka ka kai gida.

Haka nan wajen saye, a duba lamba. Injin tsohon Honda na gaske lambarsa galibi tana farawa da CG125E, a ƙasan inji ta hagu. In ka ga 156FMI ko 162FMJ, injin China ne aka ɗora a shasin Honda. Ba laifi ba ne, zai yi tafiya, amma kada a karɓi kuɗin Japan a hannunka. CG na farko-farko suna da wutar bolt 6 da kwantak, fitilarsu da dare ba ta wuce a ce akwai ta ba. Mayar da su bolt 12 da CDI, wato ɗan akwatin wuta da ke maye gurbin kwantak, aiki ne mai sauƙi da kayan da ke kasuwa, kuma wannan canji ne da ba na jin kunyar ba da shawararsa, ko da masu son komai ya zauna yadda ya fito daga kamfani za su ɓata rai.

Ga yashi kuwa, ba a haɗa CG da sauran biyun. Manyan tayoyinsa na inci 17 zuwa 18 da tsayin cikinsa daga ƙasa su ne ke sa a iya barin kwalta da shi a shiga hanyar gona, ko a bi ƙauyukan da ke bakin Gulbi har Madarumfa, da buhun gero a baya. Abin da yake nema kaɗan ne: wajen lita ɗaya ta baƙin mai a kan kari, tazarar bawul milimita 0.08 in injin ya huce, da wanke soson tace iska a shafa masa ɗan mai, musamman lokacin hazo. Akwai kuma matatar mai mai juyawa a bayan murfin kuloci wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. A tsohon da ya daɗe, in aka buɗe ta, dattin da ke ciki sai an sa sukundireba an kankare.

Vespa kuma wata duniya ce dabam. Wanda ya taso ya ga malaman makaranta da ƴan kasuwa suna tafe a kanta da babbar riga, ba mai ba ƙura a gefen wando, ya san abin da ke jan mutane gare ta. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yin ta a 1946, kuma wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da ba ya son babur saboda sarƙa da datti. Shi ya sa ba ta da sarƙa sam. Inji da giya da tayar baya duk a haɗe suke a dunƙule ɗaya, an rufe su da murfi. Waɗanda aka fi gani a nan su ne Super mai ƙananan tayoyi na inci 8, Sprint mai inci 10, da PX da ta fito a 1977. Akwai kuma ƴan Indiya: Bajaj Chetak, wadda aka gina kan tsarin Sprint tun 1972, da LML da ta bi tsarin PX.

Tana da abubuwa biyu da suka dace da garin nan fiye da yadda ake zato. Na farko fanka. Injin Vespa fankarsa ce ke hura masa iska ko yana tsaye, don haka a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, in aka maƙale a cunkoson bakin babbar kasuwa ta fi CG samun sanyi. Sharaɗin shi ne hular da ke rufe silinda tana nan. Wasu sukan cire ta wai don inji ya sha iska, ba su san ita ce ke karkatar da iskar zuwa inda ake so ba, kuma ƙarshen wannan dabara fistin ya liƙe. Na biyu taya. Ta gaba da ta baya iri ɗaya ne, ga ta sauyi a gefe, rim ɗin kuma gida biyu ne da ake kwancewa da sifana. A ƙasar da ƙayar aduwa da tsidau ke ko'ina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a sace iskar duka kafin a taɓa notunan da suka haɗa rim.

Daga nan kuma sai wahalhalu. Ƙaramar taya ba ta son yashi, nauyin injin yana gefen dama, cikinta kuma kusa da ƙasa yake. A kwalta da tsandauri sarauniya ce, amma wanda gidansa ke cikin sababbin unguwannin bayan gari inda rairayi ke kama ƙafa, kullum sai ya sauko ya tura. Ƙura ma abokiyar gabarta ce ta musamman. Iskar da take shaƙa daga ƙarƙashin sirdi take bi ta cikin wata roba mai lanƙwasa zuwa akwatin kafireta. In robar ta tsage, wanda a tsohuwar da ta daɗe a jingine kusan tabbas ne, ƙurar da tayar baya ke tayarwa kai tsaye take shiga. A injin Vespa gefen karanshaf ne ke buɗe ƙofar mai yana rufewa, yana shafar wani ɗan fili a jikin kaskon inji da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Yashi ya karce wannan fili, sai ta riƙa tofo mai ta baya, ta ƙi tsayawa a silo, kuma ba kafiretar da za a canza ta warke. Gyaran sai an yi walda an sake gurzawa, ko a nemo wani kaskon.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani tsohon makaniken Vespa yana duba wata Sprint da wani saurayi ya turo, yana son ya saya. Bai ko nemi a tayar da ita ba. Ya cire murfin gefe, ya kama fankar da hannu biyu ya jijjiga ta sama da ƙasa, aka ji ƙwas-ƙwas ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, zo kama nan. Ka jiya? Wanga boris ya gama aikinai."

"To Baba, ba a canza shi kaɗai?"

"In an buɗe ta, sai an canza duka, da sil da kuros ɗin giya. Ba a buɗe Vespa sau biyu."

Daga nan ya ɗaga robar da ke shimfiɗe a wurin taka ƙafa, ya bi ƙarfen da ɗan maganaɗisu. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, foti ne aka cika aka bi da fenti. Wannan gwaji na biyu shi ya fi na farko nauyi, domin Vespa ba ta da shasi dabam: jikin nan na ƙarfen da aka matse shi ne ƙashin bayanta. In ya ruɓe a ƙasa, ko ya tanƙware a gindin garkuwar gaba saboda wani tsohon karo, babur ɗin zai riƙa tafiya a karkace har abada. Bushewar ƙasarmu tana taimako, wadda ta zauna a Maraɗi ko Damagaram ta fi wadda aka hauro da ita daga Kwatano ko Legas lafiyar ƙarfe. Amma wadda ta yi shekaru kusa da turken dabbobi, fitsari ya yi mata abin da ruwan teku ke yi.

Kayan gyaranta suna nan, sai dai ba a bakin ƙofa ba. Na Bajaj suna shiga tsofaffin Sprint da Super da yawa, na LML suna shiga PX, kuma masana'antun Indiya ba su daina yin su ba ko da yake an daina ƙera baburan kansu. Hanyarsu ta zuwa nan galibi ta Najeriya ce, daga Nnewi ko Legas zuwa Kano, zuwa Katsina, ta Jibiya. Duk wanda ya ga yadda aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma sake rufewa bayan Yulin 2023, ya san abin da ake nufi da babur ya yi wata uku a kan bulo yana jiran roba ɗaya. Masu gyaranta ma sun yi ƙaranci, yawancinsu dattawa ne, yara ba sa koyo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai son Vespa ya fara nemo makanike tukuna, sannan ya nemi Vespa, kuma in ya tashi aiken kaya ya sayo wayoyin giya da na kuloci bibbiyu.

Mobilet ita ce ta talaka tun asali. Kamfanin Motobécane na Faransa ya fito da ita a 1949, Peugeot ta biyo da 103 a 1971, kuma an daɗe ana harhaɗa irin na Peugeot a Bobo-Dioulasso, inda da yawa daga cikin na yankin nan suka fito. Injin cc 49 ne, ƙarfin doki biyu ko kusa da haka, ba giya, bel ne da feda. Mutum ɗaya zai iya ɗaga ta ya sa a bayan mota. Wanda bai taɓa kwance inji ba kuma yana son ya koya da hannunsa, a nan zai fara: sifana ƙalilan sun isa, in aka ɓata abu ma asarar ba ta da yawa.

Cututtukanta sanannu ne. In ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiya kaɗan ta mutu, ta huce ta sake tashi, kwandansa ce ko kwayil, kuma zafin nan yana gaggauta musu. In ta rasa ƙarfi a hankali, salansa ce ta toshe da baƙin hayaƙi, a cire a ƙona. In inji na ihu babur ba ya gaba, bel. Abin da ke kashe ta gaba ɗaya shi ne silinda, domin ta Motobécane alminiyon ce da aka shafe cikinta da siririn kurom. Ba a gurje ta kamar ta CG. Kurom ya ɓare, sai sabuwa. Kafin ka saya, cire salansa ka haska tocila ta ramin ka ga cikin da idonka. Kuma kada a ruɗe ka da cewa duk mobilet ɗaya ce, kayan Peugeot ba sa shiga Motobécane. Tsakanin biyun, 103 ta fi sauƙin samun kaya, ta hanyar Yamai ko ta hannun wani da ke zuwa daga Faransa ko Maroko. Amfaninta dai a yau bai wuce zuwa masallaci da kasuwa da gaishe-gaishe cikin gari ba. Goyon babba a yashi, sai an taimaka mata da feda. A babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram kuwa, tsakanin manyan motoci, ban ba kowa shawarar ya hau ta ba.

In aka yi maka tayin Yamaha Mate ko Honda C70 a maimakon waɗannan, ka saurara. C70 tana da irin sa'ar CG, ƙananan baburan China masu cc 110 tsarinta suka ɗauka. Mate tana da famfon da ke gauraya mai da kansa, wanda Yamaha ta fara sawa a baburanta tun 1964, sai dai a tabbatar yana aiki kafin a dogara da shi.

Maganar gaurayen mai ita ce ke raba CG da sauran biyun a rayuwar yau da kullum. Vespa tana son kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na man 2T, man da aka yi don gauraya da fetur, a kowace lita ta fetur, mililita 100 a lita 5. Tsofaffin littattafan mobilet kashi 4 suke cewa. Sirinjin kemis mai mililita 20 a cikin akwatin babur ya fi ƙiyasin ido, ya kuma fi abin da aka saba gani, a tsiyaya baƙin man mota da murfin galan a girgiza. Man mota ba don a ƙona shi aka yi shi ba, shi ke toshe salansa ya liƙe ringi. Ƙara yawan mai ma ba kariya ba ce, fulogi ne zai yi ta baƙi yana mutuwa. In PX ɗinka mai tankin mai dabam ce, wannan aiki ya sauka daga kanka. Ta fuskar shan fetur, Vespa ta fi CG ci a tafiya iri ɗaya, ga kuɗin 2T a kai, kuma tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023 man kwalba mai arahar nan da aka saba da shi ya zama labari. Kowanne ka zaɓa, sa ƴar matatar mai tsakanin tanki da kafireta, don tsohon tanki ba ya rabuwa da garin tsatsa ko an wanke shi da tsakuwa da kananzir.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda babur ɗin zai zama ƙafarsa, zai je aiki da shi, ya kai yara makaranta, ya leƙa gona a Tibiri da damina, CG ne nasa, ba sai an yi dogon tunani ba. Wanda yake da wani abin hawan, gidansa na kan kwalta, yana da haƙurin jiran kaya, kuma abin da yake so shi ne ya fita Juma'a ko ranar Salla a kan irin abin da mahaifinsa ya hau, Vespa za ta biya shi, PX ko LML kafin Super. Mobilet ta mai koyo ce, ko wanda ta gidansu ce ba ya son ta tafi hannun ƴan gwangwan. Sayen ɗayansu da niyyar a gyara a sayar a ci riba kuwa, a kasuwar nan da wuya kuɗin gyara na gaskiya ya dawo.

Saura takardu, waɗanda ya kamata a fara da su kafin a taɓa sifana. Lambar da ke jikin shasi, a wuyan CG ko ƙarƙashin murfin gefen Vespa, ta yi daidai da ta takardar mallaka da ta duwan. In ka ga alamar an goge an sake bugawa, bar shi ko kyauta ne. Tsofaffin babura da yawa kuma kayan gado ne da ba a raba ba, ɗa ɗaya ya turo shi kasuwa ba da sanin ƴan uwansa ba. Sai ka gama fenti ka sa sababbin tayoyi sannan wani ya yi sallama ya ce na babansu ne. A yi cinikin gaban shaidu, babba a gidan ya sa hannu, in da hali mai unguwa ya sani.